Kamaru: Yadda harafi ɗaya ya kawo kuɗi, ya tafi da suna a intanet

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rubuta adireshin wani kamfani a waya ko a kwamfuta ya san cewa akasarinsu suna ƙarewa ne da ɗigo da haruffa uku, wato .com. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, idan yatsa ya zame ya tsallake harafin "o" da ke tsakiya, to mutum ya faɗa ƙasar Kamaru ke nan, ba tare da ya bi ta Banki ko gadar Fotokol ba, domin kuwa .cm ita ce wutsiyar adireshin da aka keɓe wa Kamaru a intanet. Wannan ɗan bambanci na harafi ɗaya ya sa wasu Turawa sun yi kuɗi, gwamnatin Yawunde ta sami nata rabon, sannan aka wayi gari a 2009 ana kiran Kamaru ƙasar da ta fi kowace haɗari a yanar gizo, alhali mafi yawan mutanenta a lokacin ko taɓa kwamfuta ba su yi ba.

Batun ya shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye. A yau mai sayar da atamfa a Mubi, da mai safarar shanu ta Gamboru, da mai kayan gyaran babur a Marwa, duk sukan karɓi takardar farashin kaya daga Gwanzu ko Dubai ta imel, su duba kuɗin fito a shafin kwastan, su tura kuɗi ta waya. Wanda ke irin wannan hulɗa ya kamata ya san wane ne ke riƙe da waɗannan haruffa, da kuma irin sharuɗɗan da ake bi kafin a ba mutum suna a ƙarƙashinsu.

Tun farko dai, ba Kamaru ce ta zaɓar wa kanta waɗannan haruffa ba. A 1974 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, wato ISO, ta fitar da wani jadawali da ya ba kowace ƙasa haruffa biyu domin sauƙaƙa harkar wasiƙu, sufuri da ciniki. Kanada ta ɗauki CA, Kolombiya CO, Sin CN, sai Kamaru ta tashi da CM. A lokacin babu wani abu mai suna .com, sai a 1985 aka ƙirƙiro shi. Da masu tsara intanet suka zo raba wa ƙasashe adireshi, sai suka ɗauko wannan jadawali yadda yake, don gudun kada su jefa kansu cikin rigimar wace ce ƙasa, wace ce ba ƙasa ba. Shi ya sa Nijeriya take da .ng, Nijar .ne, Binin .bj, Gana .gh, ita kuma Cadi .td, saboda an bi rubutun sunanta na Faransanci. Wanda ya rubuta .ni da nufin Nijeriya ko Nijar, to Nikaraguwa ya nufa, can nahiyar Amurka.

Mutum ɗaya ne ya daɗe yana wannan rabo, wani malami a Jami'ar Kudancin Kalifoniya mai suna Jon Postel. Yadda yake yi kuwa, duk wanda ya fara zuwa daga wata ƙasa, ya nuna yana da na'ura da sanin aiki, sai ya damƙa masa. A wata takarda da ya rubuta a 1994 ya bayyana cewa wanda aka ba riƙon wutsiyar ƙasa amana aka ba shi, aikinsa shi ne yi wa al'ummar ƙasar da sauran masu amfani da intanet hidima. Postel ya rasu a watan Oktoba na 1998, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar ICANN da ke kula da tsarin sunayen intanet har zuwa yau. Sai mai karatu ya riƙe wannan kalma ta amana, domin a kanta rigimar Kamaru take.

An buɗe wa Kamaru tata wutsiyar a 1995, aka sa ta a hannun kamfanin sadarwa na gwamnati, wanda a 1998 ya rikiɗe ya zama Camtel. Shekaru kusan goma babu wani abin a-zo-a-gani. Ma'aikatu kaɗan, jami'a, gidan rediyo da talabijin na ƙasa da wasu manyan kamfanoni, su ne kawai suka yi rajista. Layin waya ma wuyar samu yake yi a wancan zamani, balle a yi maganar shafin intanet.

A watan Agusta na 2006 ne masu lura da harkar suka gano cewa wani abu ya canza. A da, idan mutum ya rubuta sunan da babu shi a ƙarƙashin .cm, kwamfuta takan sanar da shi cewa ba a sami wannan shafi ba, sai ya duba ya gane kuskurensa ya gyara. Kwatsam sai aka ga kowane suna mutum ya rubuta, ko da shirme ne, muddin babu mai shi, ana zarcewa da shi wani shafi guda mai cike da tallace-tallace. Idan za a kwatanta da abin da muka sani, kamar a ce shugaban tasha ya shirya da wani ɗan kamasho ne cewa duk baƙon da ya sauka yana tambayar gidan da babu shi a garin, kada kowa ya ce masa ya yi ɓatan kai, a kama hannunsa a kai shi rumfar wane, ko Allah zai sa ya sayi wani abu.

A 2007 mujallar Business 2.0 ta Amurka ta bayyana wanda ke bayan wannan shiri. Sunansa Kevin Ham, mutumin birnin Bankuba na Kanada, wanda likita ne ya ajiye aikin asibiti ya koma saye da sayar da sunayen intanet. Mujallar ta ƙiyasta cewa sunayen da ya tara sun kai darajar Dalar Amurka miliyan 300, ta kuma ce ya ƙulla yarjejeniya da hukumomin Kamaru, inda ake karkatar da duk masu kuskuren rubutu zuwa shafinsa mai suna Agoga, ana raba abin da aka samu da gwamnati. Yadda kuɗin ke shigowa ba wani sihiri ba ne. Duk lokacin da baƙo ya latsa ɗaya daga cikin tallace-tallacen, mai tallar yakan biya 'yan kwabbai. Kwabo ɗaya ba komai ba ne, amma idan aka tuna cewa miliyoyin mutane ne ke rubuta .com kullum a duniya, kuma a cikin kowane dubu ba a rasa wanda yatsansa zai zame, sai a ga kwabban sun zama tsabar kuɗi. Rahoton ya ƙara da cewa Ham yana da niyyar neman irin wannan shiri da Kolombiya da Oman, waɗanda wutsiyoyinsu .co da .om su ma suke kama da .com, har ma da Nijar da Habasha, domin .ne da .et kowace harafi ɗaya ne ya raba ta da .net. Wato dai 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma an yi wa tasu wutsiyar kallon nama.

Masu kare wannan tsari sun ce babu wanda aka cuta. Ba a yi rajistar sunan kowa ba, ba a ƙwace wa kowa kaya ba, kuma ƙasa mai fama da talauci tana da ikon cin moriyar abin da Allah ya ba ta, kamar yadda wata ke haƙo mai, wata ke sayar da koko. Wannan hujja tana da ƙarfinta. Amma a ganina akwai bambanci tsakanin sayar da abin da mutum ya zo nema, da cin riba daga ɓatan kan da ya yi. Shekaru uku kafin nan, a watan Satumba na 2003, kamfanin VeriSign da ke riƙe da .com da .net ya gwada irin wannan dabara, sai duniya ta yi masa ca, hukumar ICANN ta tilasta masa janyewa cikin makonni uku. Dalilin da ya sa abin ya yiwu a Kamaru shi ne ICANN ba ta da irin wannan iko a kan wutsiyoyin ƙasashe. Kowace ƙasa ita ke kafa dokar gidanta. Wannan 'yanci ne mai kyau, amma nauyinsa shi ne idan an ɓata, babu wanda za a ɗora wa laifi sai masu gidan.

Sai kuma aka shiga babi na biyu a 2009, lokacin da aka buɗe rajistar .cm ga duk duniya ta hannun wani kamfani mai suna Netcom.cm. An bi matakan da aka saba bi a irin wannan buɗewa. Da farko an ware wata guda, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli, domin kamfanoni masu tambarin kasuwanci da ke da rajista su zo su kama sunayensu kafin kowa. Bayan nan aka ba masu sha'awa dama su nemi sunayen da suke so, sunan da mutum fiye da ɗaya ya nema kuma a kai shi gwanjo. Daga ƙarshe aka saki ƙofa, wanda ya riga zuwa shi ne mai shi. Babu sharaɗin sai mutum yana zaune a Kamaru, ko yana da kamfani a can, ko ma ya san inda ƙasar take a taswira.

Gwanjon ya nuna su wane ne aka yi wa kasuwar. An sayar da sunan hotels.cm a kan Dalar Amurka 81,100. Wanda ya biya wannan kuɗi ai ba don matafiya masu neman masauki a Garwa ko Ngaundare ya biya ba, ya biya ne don tare mutanen da suka nufi hotels.com yatsansu ya zame. Kuɗin rajistar suna na yau da kullum ma ya haura Dalar Amurka 100 a shekara a wajen dillalan ƙasashen waje, a lokacin da ake samun .com a kan abin da bai wuce Dala 10 da 'yan kai ba. Ɗan Kamaru mai ƙaramin shago da ke son buɗe shafi, wace hujja zai ba kansa ya bar mai araha ya ɗauki na ƙasarsa mai tsada ninkin-ba-ninkin? Farashin ya kori 'yan gida, ya bar waɗanda lissafinsu ya nuna musu za su mayar da kuɗinsu daga kuskuren mutane. Manyan kamfanonin duniya kuwa dole ta sa da yawansu suka saya, don kada wani ya riga su ya yi ɓarna da sunansu, abin da ya yi kama da kuɗin da mai shago ke ba 'yan sintiri ba don yana so ba.

Ba a rufe shekarar ba sai ga sakamako. A watan Disamba na 2009 kamfanin McAfee, mai kera manhajar kare kwamfuta daga ƙwayoyin cuta, ya fitar da rahotonsa na shekara bayan ya binciki shafuka sama da miliyan 27 a duniya. Ya sa .cm a matsayi na ɗaya wajen haɗari, da ma'aunin kashi 36.7 cikin 100. Ma'ana, a cikin shafuka uku da ke ƙarƙashin .cm, fiye da ɗaya na iya cusa wa kwamfutar mutum cuta, ko ya yaudare shi ya ba da bayanan sirrinsa. Jaridun duniya suka ɗauka, kowace da irin kanun da ta ga dama, sunan Kamaru ne dai a sama.

A nan ya kamata a yi wa mutanen Kamaru adalci. Ma'aunin bai ce 'yan Kamaru ne ke damfarar ba. Masu waɗannan shafuka suna iya kasancewa a kowace nahiya, na'urorinsu ma ba a Duwala suke ba. Aron sunan ƙasar kawai suka yi, da izinin masu riƙe da amanarsa. Mu a nan mun san zafin irin wannan, domin mun ga yadda 'yan damfara ƙalilan suka sa ake yi wa duk mai fasfo ɗin Nijeriya kallon ɗan 419 a filayen jiragen sama. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, to ina ga an buɗe buhu an ce kowa ya zuba nasa?

Abin da ya fi jan hankalina a wannan rahoto shi ne labarin wasu wurare biyu da ke cikinsa. Hong Kong ce ta zo ta ɗaya a haɗari a 2008, da kashi 19.2. Masu riƙe da .hk suka tsaurara bincike a kan masu neman rajista, suka soke sunayen 'yan damfara, shekara na zagayowa ta faɗo can ƙasa a jadawalin. Japan kuwa, wadda ta fi kowa tsafta a 2009 da kashi 0.1 kacal, ba ta ba mutum suna a .jp sai yana da adireshi a cikin ƙasar, sannan mai son .co.jp sai ya zama kamfani mai rajista a Japan, kuma suna ɗaya tak ake ba kowane kamfani. Wannan ya nuna cewa tsaftar wutsiyar ƙasa tana rataye ne a kan tambayar da ake yi wa mutum a bakin ƙofa. Duk wanda ya san kasuwar kan iyaka ya san haka. Kasuwar da sarkinta ke tambayar baƙo daga ina yake, wa ya tsaya masa, kafin a ba shi rumfa, ba ɗaya take da wadda ake karɓar kuɗi kawai a miƙa makulli ba.

Matsalar ba ta mutu da wannan rahoto ba. A 2018 wani ɗan jarida Ba'amurke mai bin diddigin laifuffukan intanet, Brian Krebs, ya wallafa cewa an gano sunaye fiye da dubu a .cm da ke kwaikwayon manyan shafukan duniya, irin su espn.cm da itunes.cm, waɗanda ke jefa baƙi cikin shafukan gasar ƙarya da gargaɗin bogi cewa wai kwamfutarsu ta kamu da cuta. Bayanan da aka samu daga na'urar masu shafukan sun nuna an ziyarce su kusan sau miliyan 12 a watanni ukun farko na shekarar kawai.

Ba Kamaru kaɗai ta faɗa irin wannan rami ba, maƙwabtanta ma sun faɗa, sai dai su ta wata ƙofar. Gabon mai .ga, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya mai .cf, da Ikwatoriyal Gini mai .gq, dukkansu masu iyaka da Kamaru, tare da Mali mai .ml, sun miƙa nasu ga wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Freenom, wanda ke raba sunaye kyauta ga duk wanda ya nema. Kyauta kuwa ta fi yi wa ɗan damfara daɗi, domin yakan ɗauki suna ɗari yau, ya yi aika-aika da su, a toshe su gobe, ya sake ɗaukar wasu ɗari. Sai da kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp ya maka Freenom a kotu, ya daina sabuwar rajista a 2023, sannan a watan Fabrairu na 2024 ya sanar da ficewarsa daga harkar. Gabon ta karɓe tata a watan Yuni na 2023, aka share miliyoyin sunaye.

Labarin Mali shi ne ya fi kamata ɗan kasuwa ya tsaya a kansa, saboda ya shafi imel. Adireshin sojojin Amurka yana ƙarewa da .mil, na Mali kuma .ml, nan ma harafi ɗaya ne tsakani. A watan Yuli na 2023 jaridar Financial Times ta ruwaito cewa shekara da shekaru saƙonnin da aka nufi sojojin Amurka da su suna faɗawa Mali. Baturen Holan da ke kula da .ml tun 2013, Johannes Zuurbier, ya ce daga watan Janairu na shekarar kawai ya tara saƙonni kusan 117,000, ciki har da bayanan lafiyar sojoji, takardun haraji da jadawalin tafiyar manyan hafsoshi. A watan ne kuma kwantiraginsa ya ƙare, riƙon ya koma hannun gwamnatin Bamako, wadda a lokacin take ɗasawa da Rasha. To idan ma'aikatar tsaron Amurka da duk ƙwararrunta ba ta tsira daga zamewar yatsa ba, ina ga Alhaji da ke ba yaron shagonsa waya ya rubuta masa saƙo?

Ga yadda abin ke zama asara. Alhaji yana hulɗa da wani kamfani a Sin mai adireshin da ke ƙarewa da .com. Wani ya riga ya yi rajistar sunan kamfanin sak a .cm, ya kafa akwatin da ke karɓar duk saƙon da ya faɗo. Ranar da aka manta "o", takardar odar Alhaji, da yawan kayan, da sunan wanda yake magana da shi, duk sun shiga hannun baƙo. Shi kuma sai ya amsa da tambarin kamfanin da irin lafazinsu, ya ce an canza asusun banki, a tura kuɗin kaza nan. Wani lokaci ma ba sai an yi kuskure ba, shi ɗan damfarar ne zai fara aiko da saƙo daga adireshin .cm, yana dogaro da cewa ido ba zai lura da harafin da ya ɓace ba, musamman a ƙaramin allon waya. Maganin wannan bai wuce ɗaga waya ba. Duk saƙon da ya ce an canza asusu, a kira mutumin a lambar da aka daɗe da saninsa da ita, a ji daga bakinsa, kada a kira lambar da ke cikin saƙon.

Kolombiya ta nuna cewa kama da .com ba dole ne ya zama masifa ba. Ita ma ta buɗe .co ga duniya a 2010, amma sai aka tallata ta a matsayin adireshin sababbin kamfanoni, aka jawo irin su Twitter da Google suka ɗauki t.co da g.co, har a 2014 kamfanin Neustar na Amurka ya sayi kamfanin da ke gudanar da ita a kan Dala miliyan 109.

A halin da ake ciki, riƙon .cm yana hannun hukumar ANTIC ta gwamnatin Kamaru, wadda aka kafa a 2002, dokokin sadarwa da tsaron intanet na watan Disamba na 2010 kuma suka ƙarfafa ikonta. Hukumar ta yi ƙoƙarin jawo 'yan gida. A 2015 an ƙayyade kuɗin rajista a kan sefa 7,000 a shekara, wato jaka bakwai a lissafin masu hulɗa da sefa, sannan a 2020 aka yi rangwamen watanni uku inda aka mayar da shi sefa 2,000. Yadda ake yi kuwa, mutum yakan je wajen ɗaya daga cikin dillalan da hukumar ta amince da su, a duba ko sunan da yake so babu mai shi, ya ba da sunansa da adireshinsa, ya biya. Sunan ba ya wuce haruffa 63, ana iya haɗa haruffa da lambobi da karan ɗori, sai dai karan ba ya zuwa a farko ko a ƙarshe. Akwai kuma rassa irin su .co.cm da .com.cm da .net.cm, yayin da .gov.cm ke keɓe ga hukumomin gwamnati. Haya ce ta shekara-shekara. Wanda ya bari wa'adi ya wuce bai sabunta ba, bayan ɗan lokacin jinkiri sunan yakan koma kasuwa, duk wanda ya riga ya ɗauka.

Rage kuɗin abu ne mai kyau, ya gyara rabin kuskuren 2009. Ɗaya rabin shi ne na bakin ƙofa, domin har yanzu baƙo daga ko'ina yana iya sayen .cm ta hannun dillalan ƙasashen waje, alhali shi ba mazaunin Kamaru ba ne. Ni ba na cikin masu cewa a rufe ƙofa gaba ɗaya, domin hakan zai shafi ɗan kasuwar Mubi ko na Njamena da ke da abokan ciniki na gaskiya a Garwa. Abin da ya dace shi ne a riƙa neman shaida mai ƙarfi daga duk wanda ya nemi sunan da ya yi daidai da na wani sanannen kamfani ko banki, a kuma hanzarta soke sunan da aka tabbatar ana damfara da shi. Hong Kong ta yi hakan cikin shekara guda.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka duk abin da ya ƙare da .cm tarko ne. Hukumar kwastan ta Kamaru tana douanes.cm, ta haraji tana impots.cm, fadar shugaban ƙasa tana prc.cm, gidan rediyo da talabijin na ƙasa yana crtv.cm. Ga wanda ke neman bayani a kan Kamaru, waɗannan su ne na gaskiya, shafin da ya ce shi ne kwastan ɗin Kamaru amma ya ƙare da .com shi ne ma abin tuhuma. Haka yake a Nijeriya, inda kwastan take customs.gov.ng. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce, wannan da nake magana da shi, me ya haɗa shi da Kamaru? Idan kamfanin Gwanzu ne ko bankin Dubai, babu dalilin da zai sa adireshinsa ya ƙare da .cm.

Su kuma 'yan kasuwarmu da suka fara buga sunansu a buhun shinkafa, kwalin sabulu ko gefen atamfa, suna kai kaya tsallaken iyaka, akwai abin da ya shafe su a nan. Rajistar tambarin da aka yi a Nijeriya ba ta kare mutum a Kamaru. Can sai an bi ta hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda rajistarta guda ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, ciki har da Kamaru, Nijar, Cadi, Binin da Mali, amma ban da Nijeriya. Ranar da wani ya riga ka kama sunan hajarka a .cm, wannan takarda ce babbar hujjar da za ka riƙe idan ka kai ƙara. Wanda ba shi da ita, ya fi masa sauƙi ya biya 'yan jakunkunan ya kama sunansa tun kafin wani ya gani.

Idan kuma za a yi rajistar, a tabbata an yi ta da sunan mai kasuwar da lambar wayarsa da imel ɗinsa. Masu kiranmu a rediyo sun sha kawo kukan cewa yaron da ya haɗa musu shafi da sunansa ya yi rajistar, da suka ɓata ya tafi da makullin, ko kuma ya bar gari, saƙon tunatarwar sabuntawa yana ta zuwa akwatinsa har wa'adi ya wuce. A wajen dillali da hukuma, wanda sunansa ke cikin rajista shi ne mai suna, ko da wani ne ya biya kuɗin.